Kilo 475: littafin shirya motar gida don doguwar tafiya da kwanan tanti

11 ga Janairu

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da kamfani ya manna, wadda yawancinmu ba ma waiwayarta sai ranar da za a sa wa taya iska. A nan aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe. Tamu ta ce kilo 475. Daga wannan lambar zan fara tun kafin in sayi ko turken tanti ɗaya, domin abin da muka ƙudurta shi ne doguwar tafiya mu biyar a cikin wannan motar, mu riƙa kwana a waje, komai namu kuma yana tare da mu.

Wata motar ba ta ba ka lambar kai tsaye. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai, farantin da ke jikinsu yana nuna cikakken nauyin da aka yarje wa motar ne, kai za ka ɗebe nauyinta ita kaɗai wanda ke cikin littafinta. A nan ma sai an lura, don a lissafin Tarayyar Turai an riga an saka direba mai kilo 75 a ciki, da man da ya kai kashi 90 cikin ɗari na tanki.

Na fito da sikelin awon mutum, kowa ya hau. Ba zan rubuta na kowa daban ba, ina son zaman lafiya a gidana. Jimlarmu dai kilo 235. Kujerun yara biyu suka cinye 18. Saura 222, shi ne rabon kaya gaba ɗaya.

Daga nan muka tara duk abin da kowa ya ce ba a tafiya sai da shi, har da waɗanda za mu aro, a tsakiyar falo. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan kayan tafiya kam bai sani ba. Uwargida ta dubi tarin ta ce ba zai wuce 150 ba, ni na ce 200. Da muka auna jaka bayan jaka, 291 ya tashi. Ruwa kaɗai jarka uku, lita 60, kilo 60 ke nan tun ba a ƙirga robar jarkar ba. Mota ba za ta ƙi tashi ba don an ƙara mata kilo 69, amma birki zai ƙara nisan tsayawa, tayoyin baya za su ɗauki zafi, a kwana kuma za ta riƙa rinjaya. Saboda haka duk abin da zai shiga motar nan sai ya hau sikeli tukuna.

19 ga Janairu

Yau ranar tayoyi ce. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Huɗun da ke ƙasa ba su da laifi. Safayar ce ta haura shekara takwas a kwance cikin but, zanenta sabo fil kamar ba a taɓa taka ƙasa da ita ba, amma roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko ba a yi. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara da zarar ta cika biyar, idan ta kai goma kuma a cire ta ko da zanen yana nan. Ita siririyar safayar nan iskar da take so ta fi ta sauran yawa, psi 60, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Tamu na same ta a ƙasa da rabin haka.

Takardar ƙofar nan tana da layi biyu na iska, ɗaya na zirga-zirgar yau da kullum, ɗaya na lokacin da aka yi lodi. Na biyun zan bi. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, idan kuma an auna a hanya aka ga ta hau, ba a sace mata iska, zafi ne ya ɗaga ta.

Ƙaramin famfon iska mai shiga soket ya samu gurbi, tare da igiyar jan mota da ɗan batirin tayar da mota idan nata ya kwanta. Akwatin sifanoni da bakanike kaɗai ya san amfanin rabinsu ya koma ɗaki.

2 ga Fabrairu

Maganar wuta ta fi komai cin lokaci, kuma firji ne ya jawo ta. Muna da jariri, akwai madararsa da maganin da ake so a ajiye a sanyi, don haka kula mai ƙanƙara ba za ta kai mu ba. Masu sanyaya kaya na mota iri biyu ne. Akwai mai arha mara kwamfuresa, wanda iyakacinsa ya sauko da zafin ciki da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da na waje. Idan waje yana 38, ciki zai tsaya wajen 20, abinci kuwa ana son sa a digiri 5 ko ƙasa. Wannan bai yi ba. Mai kwamfuresa shi ne firji na gaskiya, shi na ɗauka, mai lita 35, nauyinsa kilo 14 babu komai a ciki.

Sai lissafi. Wat shi ne ƙarfin zubar famfo, Wh kuma, wato wat sau awa, shi ne girman randar. Firjin yana jan wat 45 idan kwamfuresa na aiki, amma ba ya aiki ba tsayawa. Na ajiye shi a inuwa na sa masa ido da agogo, sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci yake kunne. Wh 15 ke nan a awa, 360 a yini da kwana. Wayoyi uku, kowace wajen Wh 15, sun zama 45. Fitilar tanti mai wat 5 na awa huɗu, 20. 'Yar fanka mai wat 5 kwana guda, 40. Jimla Wh 465.

Wani zai ce ai batirin mota na nan. A takarda, batir mai Ah 60, wato amp sau awa, a kan bolt 12 yana da Wh 720. Sai dai an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, ba don a tatse shi a hankali har ƙasa ba, kuma idan ana yi masa haka ba ya daɗewa. Firjin yana da maɓallin da ke kashe shi idan batir ya yi ƙasa, na sa shi a mataki mafi tsauri, amma ba zan dogara da wannan a wurin da babu wanda zai tura mu ba.

Don haka na kawo batir na daban mai Wh 512, irin LiFePO4, kilo 7. Na zaɓi wannan irin ne don ya fi sauran batiran litiyam jure zafi, kuma masu yin sa kan ba shi caji dubu uku ko fiye kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Aibinsa ɗaya, ba a cajinsa idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Wh 512 a kan buƙatar 465 yana nufin kwana ɗaya cif, babu canji. Abin da ya rage shi ne yadda za a mayar masa da abin da aka ci. Soket ɗin motarmu fiyus ɗinsa amp 10 ne, wato wat 120 ne ƙarshensa, batirin kuma yana jan kusan wat 100 daga nan, don haka tuƙin awa biyar ke cika shi. Ranar da ba mu motsa ba sai farantin sola. An rubuta masa wat 100, amma wannan awon ɗakin gwaji ne a digiri 25. Da farantin ya gasu a rana ƙarfinsa raguwa yake, nawa bai taɓa nuna mini fiye da saba'in da 'yan kai ba.

Abu biyu na tsayar. Firji ta hanyar bolt 12 zai sha wuta, ba ta soket irin na gida da ke jikin batirin ba, don juya wutar zuwa irin ta gida yana cin nasa kason ko da ba a jona komai ba. Butar lantarki kuma ba za ta bi mu ba. Tafasa lita ɗaya daga digiri 20 yana cin Wh 93, kusan kashi ɗaya cikin biyar na batirin, a kan ruwan zafin da gas zai yi cikin 'yan mintoci.

4 ga Fabrairu

Babbar 'yata ta zo da ƙara: fawabank an rubuta masa mAh 20,000, wayarta 5,000 ce, me ya sa ba ya cika ta sau huɗu? Lambar nan a kan bolt 3.7 aka ƙirga ta, wato Wh 74, kuma ana asarar wani kaso a matsayin zafi wajen ɗaga wutar da sauke ta a cikin waya. Sau uku ma sai an yi sa'a. Ga masu hawa jirgi, Wh ɗin nan shi ake dubawa: har zuwa 100 ana wucewa da shi a jakar hannu, ba a sa shi a kayan da ake aunawa. Babban batirinmu kuwa ba shi da hanyar jirgi ko kaɗan.

16 ga Fabrairu

Gwajin taswira. Na kunna yanayin jirgin sama a wayoyinmu biyu, na bar GPS kaɗai, muka fita bayan gari da yara. Mutane da yawa sun ɗauka idan sabis ya ɗauke waya ba ta san inda take ba. Ta sani. Sauraron taurarin ɗan'adam kawai take yi, na GPS na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, wayoyin yanzu kuma suna haɗawa da Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Ba ta aika musu komai, ba ta cin data. Abin da ke ɓacewa idan babu sabis shi ne zanen taswirar kanta, sai ka ga ɗigonka shuɗi yana yawo a farin fili. Sai kuma ɗan jinkirin kama taurarin a karon farko, don intanet ne ke taimaka mata ta same su da wuri.

Google Maps yana ba ka damar sauke yanki ka ajiye, amma idan babu intanet hanyar mota kaɗai zai nuna, babu ta ƙafa, babu labarin cunkoso. Waze kuwa rayuwarsa a kan data take, bai dace da wannan aikin ba. Na ƙara Organic Maps da OsmAnd, dukkansu daga OpenStreetMap suke ɗibar bayanai, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda masu sa kai ke zanawa. Organic Maps ya fi sauƙi, uwargida ta gane shi ba tare da na ce uffan ba. OsmAnd ya fi zurfi, yana nuna ko hanya kwalta ce ko burji idan an shigar da bayanin, yana ajiye sawun inda ka bi, amma saitinsa sai mai haƙuri.

A wata mararraba suka saɓa. Ɗaya ta ce mu yanke ta wata siririyar hanya, ɗayar ma ba ta san da hanyar ba. Na tsaya na leƙa, hanyar tana nan amma ruwa ya zaizaye ta, mota mai lodi ba za ta bi ba. Shi ya sa nake son biyu masu tushe daban: inda suka yarda da juna in wuce, inda suka saɓa in sauko in duba da idona.

Manhajojin wurin kwana, iOverlander da Park4night, matafiya ne ke shigar da wuraren suna rubuta abin da suka tarar. Taurarin yabo ba sa burge ni, ranar sharhin ƙarshe nake dubawa. Wurin da rabon da a ce komai a kansa shekara biyu ke nan, wataƙila yanzu katanga ce a wurin. Na yanayi kuma Windy, don yana jera hasashen ECMWF na Turai da GFS na Amurka ka kwatanta, sai dai yana son intanet, don haka kafin mu fita daga sabis zan riƙa ɗaukar hoton fuskar wayar.

Mariƙin waya ya tashi daga jikin gilashi ya koma bakin iskar sanyi. Apple ta ce wayarta tsakanin digiri 0 da 35 take son aiki, kan dashbod kuwa da rana ya wuce nan nesa, ga taswira a kunne ga caji.

Na yi ta juya maganar na'urar aika saƙo ta tauraro. iPhone tun daga na 14, a 2022, yana da kiran gaggawa ta tauraro, amma ba a kowace ƙasa yake aiki ba. Garmin inReach yana bin taurarin Iridium da suka game duniya, sai dai akwai kuɗin wata, wasu ƙasashen kuma irin su Indiya ba sa yarda a shiga da irinsa babu izini. Na bar shi tukuna. Na rubuta hanyarmu da wuraren kwana a takarda na kai wa yayana.

Na ce, "Yaya, idan dare ya yi ba ka ji ni ba, ka fara da wurin da na ja wa layi."

Ya karanta ya ce, "To. Amma ka rubuto min lambar motar da launinta. Idan zan nemi taimako su za a fara tambayata, ba sunan manhajarka ba."

Na ƙara su.

2 ga Maris

Mun kafa tanti a tsakar gida mun kwana a ciki. Na mutum shida na saya don mu biyar, domin lambar da ake rubutawa ta mutanen da suka jeru kafaɗa da kafaɗa ce babu jaka ko ɗaya. Kilo 14. An rubuta masa mm 3000, wato tsayin ruwan da yadin zai iya tarewa kafin ya fara tsattsafowa, daga 1500 ake ɗaukar yadi a matsayin mai tare ruwan sama. Na sa yaron tsakiya ya yi masa feshi da tiyo har ya gaji, ɗigo ɗaya bai shiga ba.

Da asuba kuwa rufin ciki ya jiƙe sharkaf, har yana ɗiga a kan bargo, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Numfashin mutum biyar ne ya taru ya haɗu da yadi mai sanyi. Uwargida ta zuge duk tagogin saboda sauro, har da ƙananan kafofin sama. Waɗannan kafofin akwai raga a bayansu, sauro ba zai shiga ba, kuma don wannan gumin aka yi su. A buɗe za su riƙa kwana.

Sanyin daren daga ƙasa ya fito. Katifar hurawa babu komai a cikinta sai iska mai yawo, tana kwashe ɗumin jiki ta miƙa wa ƙasa. Wadda ta kwana a kan siririn soso ta fi mu jin daɗi. Shimfiɗun tafiya suna da lambar R da ke nuna yadda suke tare sanyi, soson nan wajen 2 yake, kuma idan ka ɗora ɗaya a kan ɗaya lambobin haɗuwa suke. Katifar hurawa da famfonta sun fita, kilo 6 ya dawo.

Doka ɗaya na kafa da ba ta da sassauci: babu wutar da za ta shiga tanti, ko risho ko gawayi, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Iskar da suke fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci take sawa, mai barcin kuma ba ya farkawa ya gudu. Na rataye 'yar na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi wannan iskar, nauyinta bai kai na waya biyu ba. Gwangwanin gas kuma a jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50, don haka ba zai yini a cikin rufaffiyar mota ba.

10 ga Maris

Kujerar auta tana kallon baya, a haka za ta zauna. Ƙa'idar R129 da ake bi a Turai ta ce aƙalla sai yaro ya cika wata 15, a Suwidin ma har wajen shekara huɗu suke kai wa, saboda kan ƙaramin yaro ya yi wa wuyansa nauyi, kujera mai kallon baya kuma ita ke tallafe kan da bayan gaba ɗaya idan an yi karo. Ba a ɗora irinta a gaba matuƙar jakar iskar da ke fitowa idan an yi karo tana kunne. Bel ɗin kujerar ana ja har sai ka kasa tsunkuno shi da yatsu biyu a kafaɗa, kuma ba a kan rigar sanyi mai kauri ba. Na tsakiya yana kan kujerar ƙarin tsawo. A Ingila sai yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12 yake sauka daga kanta, a Jamus 150.

Shirya but ya bi nauyi. Ruwa, batir da firji a ƙasa, manne da bayan kujera, na ɗaure su da ɗamara a ƙugiyoyin ƙasa. Babu abin da zai ɗara kan kujera tsawo, don a birkin gaggawa duk abin da ba a ɗaure ba kan yaran zai nufa. Akwatin magani, tocila da kayan canjin jariri suna sama inda hannu zai kai. Na gwada ciro safaya da lodin a ciki, sai da na sauke kusan komai. Babu yadda za a yi da wannan, amma na mayar da jek da sifanar taya ƙarƙashin kujerar gaba.

Wuri ya ƙare kafin kaya su ƙare, sai na aro akwatin saman mota. Littafin motar ya ce rufi kilo 75 yake ɗauka, a ciki kuma har da sandunan da akwatin kansa, su kaɗai kilo 20. Wannan 75 ɗin ba ƙari ba ne, daga cikin 475 ɗin nan yake fita. Ga shan mai da yake ƙarawa. Barguna da shimfiɗu kaɗai na sa a ciki.

23 ga Maris

Ruwa ya sauko daga lita 60 zuwa 40, na cike gurbin da matata mai ramuka maikuron 0.1. Tana tare bakteriya da ƙwayoyin da suka fi su girma, amma bairos yana wucewa, don haka ruwan da ban yarda da shi ba sai an tafasa: minti ɗaya yana tafarfasa, minti uku idan an haura mita 2,000 a kan tsauni. A murfin akwatin magani na manna haɗin ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, don ranar da fakitin da aka haɗa ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Na sake auna komai da yamma. Kilo 235, rabonmu 222, saura 13 a sauke. Idona yana kan teburin naɗewa da kujerunsa, kilo 16. Idan suka fita, ina ganin barguna za su samu wuri a but, akwatin sama ya koma wurin mai shi, kilo 36 ke nan a tashi ɗaya. Uwargida ta ce ba za ta yi girki a durƙushe da yaro yana rarrafe kusa da wuta ba, kuma tana da gaskiya a kan teburin. Kujerun ne ba ta kare ba. Keken jariri ma kilo 8 ne, ita tana so, ni ina ganin a kan yashi da tsakuwa ɗaukarsa za mu riƙa yi.

Mako mai zuwa zan gwada lodin babu kujeru babu akwatin sama in ga ko but zai rufe. Idan ya rufe, zan cika tanki, kowa ya shiga, mu hau sikelin manyan motoci a auna gaba daban baya daban, don kowane aksil yana da tasa iyakar a jikin farantin, kuma duk nauyinmu a baya ya taru.